Ctenophora: a rubuta sunan daidai, don Allah

Kowace shekara sai ɗalibai sun kawo min tambayoyi iri ɗaya a kan sunan waɗannan dabbobin teku masu jiki garai-garai, waɗanda ke iyo da layuka takwas na ƙananan gashi. Ga amsoshin a wuri guda.

Da babban baƙi ake fara shi?

E. Ctenophora, da C babba, ko a farkon jimla ko a tsakiyarta.

A sa shi cikin rubutun tsutsa, wato a karkatar da shi?

A'a. Sunan babban rukuni ne, wanda masana ke kira filum, kamar Chordata da Arthropoda, kuma a ilimin dabbobi a miƙe ake rubuta irinsu. Wannan kuskuren shi ya fi ɓata min rai, domin akwai wani jinsin ƙwari masu dogayen ƙafafu da masanin ƙwari Meigen ya sa wa suna *Ctenophora* tun 1803. Shi ne ake karkatarwa. Da zarar ka karkatar da naka, ka bar teku ka koma kan ƙwaro ba ka sani ba. Dokar duniya ta sanya wa dabbobi suna, ICZN, ba ta hana wannan karo ba, saboda ikonta a kan maimaita suna bai kai matakin filum ba.

Tunda ba a furta C ɗin, in cire ta?

Kada ka kuskura. A baki ka ce "tenofora", a takarda ka bar ta yadda Eschscholtz, masanin da ya sa wa rukunin suna, ya rubuta a 1829.

Ba jelifish ba ce kawai?

Ba ita ba ce. Jelifish tana cikin Cnidaria, masu harbi. Dabbobin Ctenophora kuwa, yawancinsu da danƙo suke kama abinci. Ka je ka sake duba darasinka.

To me ake karkatarwa?

Sunan jinsi da na nau'i, wato kalma ta farko da ta biyu a sunan dabba. Ɗauki *Mnemiopsis leidyi*, wadda jiragen ruwa suka kwaso daga gaɓar Amurka zuwa Bahar Aswad a shekarun 1980, ta cinye ƙwai da abincin ƙananan kifi har sana'ar masunta ta durƙushe. M babba, l ƙarama. Na san don girmama Joseph Leidy aka sa kalma ta biyu, duk da haka ƙaramin baƙi ce, babu togiya. A karon farko ka rubuta sunan cikakke, daga nan *M. leidyi* ya wadatar. In jinsin kawai ka gane, rubuta *Beroe* sp., kuma sp. ɗin a miƙe take.

Baka biyun da ke kewaye da sunan mutum da shekara fa, ado ne?

Ba ado ba ne, kuma ku daina ƙara su ko cire su yadda kuka ga dama. A *Pleurobrachia pileus* (O. F. Müller, 1776), suna nuna cewa Müller, wanda ya raɗa mata suna, a wani jinsin ya fara sa ta, daga baya aka sauya mata gida. *Mnemiopsis leidyi* A. Agassiz, 1865 ba ta da su, domin tana nan a jinsin da aka fara sa ta.

Yaya zan sa sunan cikin jimlar Hausa, musamman a waya inda babu rubutun tsutsa?

Wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma abin da zan faɗa shawara ce, ba doka ba. Harshenmu yana son liƙa wa suna wutsiya: mu ce "motar", mu ce "gidan". Sai hannu ya kai ga rubuta "Ctenophorar nan" ko a ƙera mata jam'i. A hira ba zan yi faɗa da kowa ba. A kundin bincike kuwa, na fi son a bar sunan yadda yake, a ɗora wa kalmar Hausa nauyin: "rukunin Ctenophora", "dabbobin Ctenophora", "wannan dabbar, *Beroe ovata*". Haka kuma ya raba ka da gardamar ko namiji ne ko mace, tunda "rukuni" ko "dabba" ce za ta ja aikatau.

Batun karkatarwa ya danganta da inda kake rubutu. In da biro ne, ja layi a ƙarƙashin kowace kalma daban, kada layin ya haɗe su. A WhatsApp, ka sa alamar _ a farkon sunan da ƙarshensa, zai karkace da kansa. A Facebook, inda sau da yawa babu wannan damar, kwantar da hankalinka: rubuta shi a miƙe, ka tsare babban baƙi da ƙarami, mai ilimi zai gane. Sai dai in kana magana a kan ƙwaron nan na Meigen, ka faɗa ƙarara cewa jinsin ƙwari kake nufi. In kuma mujalla ko sashenku na jami'a suna da nasu tsarin, shi za ka bi, ko da ya ɗan saɓa wa nawa.

In rubuta shi duka da manyan baƙaƙe don ya fito?

A kanun babi, in tsarin kundin ya ce haka. Cikin jimla, a'a.