Ƙirar jikin tsuntsu da tashi sama

Tashin tsuntsu aiki ne na jiki gaba ɗaya, ba na fukafukai kaɗai ba. Kusan kowace gaɓa an rage mata nauyi, ko kuma an matso da ita tsakiyar jiki kusa da ƙirji, inda ƙarfin yake.

Ƙashi da tsoka

Yawancin manyan ƙasusuwan tsuntsu suna da rami a ciki, da siraran sanduna da suka tokare bangonsu. Mutane sukan ɗauka wannan ya sa ƙasusuwan ba su da nauyi, amma in aka gwada da na dabba mai shayarwa mai girma ɗaya, bambancin kaɗan ne. Ribar tana wajen tauri: ƙashin ba ya lanƙwashewa. Wasu ƙasusuwan baya da na ƙugu ma sun haɗe sun zama guda.

Duk wanda ya taɓa fiɗar kaza ya san tudun ƙashin da ke tsakiyar ƙirjinta. Jikinsa tsokokin tashi suke manne. Babbar tsokar ita ke jawo fiffike ƙasa. Wadda ke ɗaga shi kuwa, maimakon ta zauna a baya, tana kwance ƙarƙashin babbar, jijiyarta ta zagaya ta kafaɗa kamar igiyar guga a kan kurar rijiya. Ta haka nauyin ya tsaya a ƙasa, tsuntsu bai tangaɗi a iska. Tsokokin nan sukan kai kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin jiki. Jimina ba ta da wannan tudu, ba ta kuma tashi.

Numfashi

Nan ne tsuntsu ya fi bambanta da sauran dabbobi. Huhunsa ƙarami ne, ba ya kumbura yana motsewa irin namu. Jakunkunan iska ne, galibi guda 9, ke tura iska ta ratsa huhun ta fuska ɗaya, ko yana shaƙa ko yana fitarwa. Iskar da ya shaƙa sai a numfashi na biyu take fita. Saboda haka jininsa ba ya yankewa da samun oksijin, har a sama inda iska ta yi ƙaranci. A watan Nuwamban 1973 wani jirgi ya yi karo da mikiya, babbar ungulun nan ta Sahel, a samaniyar Abijan, a tsayin kusan mita 11,300. Zafin jikin tsuntsu kan kai digiri 40 zuwa 42, zuciyarsa kuma babba ce idan aka duba girman jikinsa.

Abin da babu a jikinsa

Tsuntsu ba shi da haƙori. Ƙundu ke niƙa masa abinci, wani lokaci da taimakon tsakuwar da ya haɗiye. Yawancinsu ba su da mafitsara, shi ya sa fitsarin ke fita tare da kashi, shi ne farin nan da ake gani. Mace kuma, a mafi yawan jinsuna, mahaifar ƙwai ta hagu kaɗai ke mata aiki.

Gashi da siffar fiffike

Kowane gashin fiffike yana da zaruruwa masu ƙananan ƙugiyoyi da ke sarƙe juna, su hana iska wucewa. In suka rabu, tsuntsu ya bi su da baki ya mayar. Saman fiffike a tanƙware yake, iskar da ke binsa tana karkata ƙasa, shi kuma ya ɗagu. Bindi na taimakawa wajen juyawa da sauka.

Siffar fiffike tana bin rayuwar mai shi. Na zabo gajere ne mai faɗi: ya zabura da ƙarfi, amma ba ya nisa. Tsattsewa nata siriri ne mai tsini, na gudu da daɗewa a sama. Ungulu da shamuwa suna da faffaɗan fiffike mai rarrabuwar gashi a baki, suna hawa kan iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa ba tare da yawan kaɗawa ba, abin da ya sa ba a cika ganin ungulu tana shawagi da sassafe ba sai rana ta ɗaga.