Lambobi da rubutun ƙarin jini a asibiti

Idan an ƙara wa mara lafiya jini a asibiti, ba a nan aikin ke ƙarewa ba, sai an rubuta komai a fayil ɗinsa sannan wani ma'aikaci ya mayar da rubutun nan zuwa lambobi, da su ake neman kuɗi wajen kamfanin inshora kuma da su ake ƙirga aikin da asibiti ya yi.

A Amurka abin ya fi tsari da kuma rikitarwa. Wanda aka ƙara wa jini ya koma gida a ranar, lambar CPT ake sa masa, 36430, kuma Ƙungiyar Likitocin Amurka ce ke da wannan kundin lambobi. Inda sabbin ma'aikata ke yawan tuntuɓe shi ne wannan lamba sau ɗaya ake sa ta a rana ko da leda uku aka ɗaura masa, su ledojin ne ake ƙirgawa ɗaya-ɗaya da nasu lambobin masu farawa da P, misali P9021 ta jajayen ƙwayoyin jini. Gwajin rukunin jini shi ma da tasa, 86900. Wanda aka ba gado kuwa wani kundin lambobi daban mai suna ICD-10-PCS ake amfani da shi tun 1 ga Oktoba 2015, lamba mai gurbi bakwai, kamar 30233N1, wato an sa masa jajayen ƙwayoyin jinin wani mutum ta jijiyar hannu ko makamanciyarta.

To amma duk lambobin nan daga rubutun nas da likita suke fitowa, shi ya sa a ganina rubutun ya fi lambar muhimmanci. Sai an ga umarnin likita da dalilinsa, da yardar mara lafiya, da lambar ledar da rukuninta, da sa hannun mutum biyun da suka duba sunan a bakin gado kafin a ɗaura. Nas za ta rubuta zafin jiki da bugun zuciya da hawan jini kafin a fara, ta sake bayan minti 15 don a lokacin ne matsala ta fi ɓullowa, sannan lokacin farawa da na gamawa, leda ɗaya ba ta wuce awa 4. In ya yi zazzaɓi ko ƙaiƙayi ko numfashi ya sarƙe, a tsayar da jinin a rubuta a sanar da bankin jini.

Takardun ma ba a yar da su da wuri, don in wata cuta ta ɓulla daga baya a iya bin sawun leda har zuwa wanda ya ba da jinin. Dokar Amurka ta ce shekara 10, Tarayyar Turai kuma shekara 30.