Daidaita Yaƙin da Ƙarfi Ba Ɗaya Ba a Wasan Yaƙi na Tebur

Wasan yaƙi na tebur wasa ne da ake jera 'yan mutum-mutumin sojoji na dalma ko na roba, masu tsayin milimita 15 ko 28, a kan tebur da aka shirya da tuddai da rafuka da ganuwa. Ana auna tafiyar runduna da abin awo, a jefa ɗan lido mai fuska shida don sanin ko harbi ya samu. Asalinsa daga Furusiya ne, a Jamus ta yau, inda wani hafsa mai suna Reisswitz ya buga ƙa'idojinsa a 1824 don horar da sojoji, tare da alƙali mai yanke hukunci tsakanin ɓangarori biyu.

Wanda ya saba da dara a gindin bishiya a Maraɗi ya san kowa da 'ya'ya goma sha biyu yake farawa, gwaninta ce kaɗai ke raba gardama. Yaƙin tarihi ba haka yake ba. A Omdurman ta Sudan, ranar 2 ga Satumba 1898, mayaƙan Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, kimanin dubu hamsin sun fuskanci rundunar kwamandan Ingila Kitchener mai igwa da bindiga mai ruwa. An kashe musu wajen dubu goma, ɗaya ɓangaren kuwa mamatansa ba su kai ɗari ba. Haka aka yi a Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, inda dawakan Sarkin Musulmi Attahiru suka tari sojan Ingila da ba su kai dubu ba a fili, wuta ta hana su isa. In aka kwafi irin wannan a tebur yadda yake, mai riƙe da dawakai aikinsa kwashe matattu kawai, kuma ba zai dawo gobe ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce a rage wa mai ƙarfi bindigogi ko a ƙara wa mai rauni mutane. Ita ce kuma mafi rauni, domin da zarar an cire bindiga mai ruwa daga Sakkwato, abin da ke tebur ya daina zama Sakkwato.

Abin da ya fi shi ne a bar rundunoni yadda tarihi ya bar su, a sauya ma'anar nasara. Mai dawakai ba a nemi ya karya Turawa ba. Ana iya cewa in 'yan lifidinsa sun taɓa sahun sojan ko sau ɗaya, ko in ya riƙe fili har zagaye takwas, ko in ya fitar da tuta da sarki ta ƙofar gabas lafiya, to ya ci wasa. Shi kuma mai bindiga a ɗaure shi da lokaci da harsashi: a ba shi tsakuwa ƙidayayyu, duk harbi ya ajiye ɗaya, in sun ƙare sai banati. Nan take wasan ke samun rai, domin kowane harbi sai an yi masa lissafi, kamar yadda hafsan da ke nesa da ma'ajiyarsa yake yi. Ma'aunin kenan: wa ya yi abin da ya fi na wanda ya tsaya a gurbinsa a ranar?

Wata hanyar ita ce a mayar da agogo baya, a fara wasa kafin a yanke shawarar da ta jawo faɗuwa. Halifa yana iya kai hari da dare, abin da Kitchener ya ji tsoro. Mai wasa a Sakkwato yana iya zama bayan ganuwa. Cewa mai rauni na iya yin galaba ba ƙirƙira ba ce, domin a Satiru kusa da Sakkwato, a Fabrairun 1906, manoma da gatari da fartanya sun auka wa sojan dokin Turawa kafin su gama kafa sahu, suka karya su. A Burmi ma, garin da Attahiru ya yi yaƙinsa na ƙarshe, harin farko na Mayun 1903 bai yi wa Turawa daɗi ba, sai a Yuli garin ya faɗi. A nan alƙali ke da amfani: shi ke riƙe takardar da aka zana inda aka yi kwanton ɓauna, kada mai bindiga ya ga abin da hafsan gaske bai gani ba.

Akwai kuma musaya. A yi wasa sau biyu, kowa ya riƙe ɓangare mai rauni sau ɗaya, a gwada wanda ya fi jurewa. Wasu kan yi tayi kamar a kasuwa: wanda ya yarda ya riƙe mai ƙarfi da sharaɗi mafi tsanani shi ke ɗaukarsa.

Ba kowane abin da ya faru ne ke shiga wannan lissafi ba. Abin da rundunar hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ta yi a Birnin Ƙonni a Mayun 1899 kisan kiyashi ne, ba karon runduna biyu ba, babu sharaɗin nasara da za a rubuta masa.

Yaƙe-yaƙen kafin zuwan Turawa sun fi sauƙin shiryawa, domin makaman iri ɗaya ne: baka, mashi, takobi, sulke. Gawakuke, inda Muhammadu Bello ya ci rundunar Gobir da Maraɗi da Abzinawa a 1836, ana iya jera shi a tabarma da marafen kwalba, ja na dawakai, fari na 'yan baka.