Jerin Gwarazan Kundayen Waƙoƙin Indi da Altanatif na Shekara

Jerin gwarazan kundayen shekara tsari ne da mujallun kiɗa, shagunan sayar da faifai da ɗaiɗaikun masoya waƙa ke fitarwa a ƙarshen kowace shekara, inda suke jera kundayen waƙoƙin da suka fi burge su, daga na ɗaya zuwa na goma, ko na hamsin, wani lokaci har na ɗari. Al'adar ta fi ƙarfi a Amurka da Birtaniya, musamman a fagen kiɗan indi da altanatif, wato kiɗan da ke gefen babbar kasuwa (ba kiɗan Indiya ake nufi ba), domin mawaƙan wannan fage ba kasafai gidajen rediyo na kasuwa ke sa waƙoƙinsu ba, don haka bakin masu sharhi ne tallarsu. Ƙa'idojin da aka bi wajen haɗa jeri, wato wa ya kaɗa ƙuri'a, yaushe aka rufe, yaya aka ƙirga maki, suna da tasiri a kan sakamako fiye da yadda mai karatu ke zato.

Wane kundi ne ya cancanta

Asalin indi batun kamfani ne: kundin da ya fito daga ƙaramin kamfani mai cin gashin kansa, ba daga manyan nan uku ba, wato Universal, Sony da Warner. Birtaniya ta fara jadawalin cinikin irin waɗannan faya-fayai a 1980. Daga baya sunan ya koma kan salon kiɗan, shi ya sa iyakar ta rikice. Kamfanin Sub Pop na birnin Seattle ya sayar wa Warner kashi 49 cikin ɗari na hannun jarinsa a 1995, amma har yau a sahun indi ake lissafa shi. Kundin Fiona Apple na 2020, Fetch the Bolt Cutters, ya fito ne daga Epic, reshen Sony, kuma hakan bai hana shi zama na ɗaya a jerin Pitchfork, mujallar kiɗa ta intanet, ba. Mai haɗa jeri dole ya zaɓi ɗaya tun farko, ko kamfani ko salo, in ba haka ba kowane zaɓinsa sai ya jawo gardama.

Sai tsawon aiki. A ƙa'idar jadawalin Birtaniya, abin da ya wuce minti 25 ko ya haura waƙoƙi huɗu shi ne kundi. Wanda bai kai ba gajeren faifai ne, kuma galibi jeri daban ake yi masa. Tsofaffin kundayen da aka sake bugawa da tarin zaɓaɓɓun waƙoƙi su ma ana ware su.

Yadda ake ƙirga maki

Tsarin da ya fi shahara shi ne na Pazz & Jop, ƙuri'ar masu sharhi da Robert Christgau ya assasa a jaridar Village Voice ta New York a 1971, wadda ta zama ta shekara-shekara daga 1974 har zuwa ƙuri'ar 2018, ta ƙarshe da jaridar ta shirya. A lokacin, kowane mai ƙuri'a yana zaɓen kundi goma, a ba shi maki 100 ya raba musu yadda ya ga dama, da sharaɗin kada kundi ɗaya ya wuce 30 ko ya gaza 5. Manufar ita ce a auna zafin so, ba yawan masoya kaɗai ba. Duk da haka lissafi yakan rinjaya wa kundin da kowa ya ɗan so. Idan mutum 40 suka ba wani kundi maki 5 kowannensu, ya tashi da 200. Wanda mutum shida suka mutu a kansa suka ba shi 30 kowanne, 180 ya samu. Wannan ne dalilin da ya sa saman jerin taron jama'a ke yawan kama da juna, kuma kundin da ya raba kan masu sauraro, wanda sau da yawa shi ne ya zo da sabon abu, yake ƙarewa a tsakiya.

Mujallu kamar NME ta Birtaniya, wadda ke fitar da gwarzon kundinta tun 1974, da Pitchfork, da Ryan Schreiber ya kafa a tsakiyar shekarun 1990, suna tattara ƙuri'un marubutansu, sannan editoci su zauna su gyara jerin. Pitchfork tana ba kundi maki daga 0.0 zuwa 10.0 lokacin da ya fito, amma makin bai ɗaure jerin Disamba ba. Kundin da ya samu ƙasa yana iya tsallake wanda ya fi shi idan ya daɗe a kunnen ma'aikatan. Shafin intanet na Metacritic kuwa matsakaicin makin sharhin jaridu yake ɗauka a kan 100, ya ƙara wa wasu jaridu nauyi. A shafin Rate Your Music masu sauraro ne da kansu ke ba da tauraro, daga rabi zuwa biyar. Shagon Rough Trade na Landan, wanda aka buɗe a 1976, shi ma yana da nasa jerin, sai dai a tuna cewa shago ne, kuma abin da ya yaba yana kan kantarsa.

Matsalar lokaci

Yawancin jeri suna fita ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba, kuma ana rufe ƙuri'a makonni kafin nan. Kundin da ya fito a Disamba yakan faɗa rami: ya makara wa bana, ya tsufa wa baɗi. Black Messiah na D'Angelo ya fito a tsakiyar Disamban 2014, bayan mujallu da dama sun gama bugawa, amma ya zo na ɗaya a Pazz & Jop saboda ita a lokacin sai a Janairu take fitar da sakamako. Wasu kafofi yanzu suna ɗaukar kundin Disamba su sa a shekara mai zuwa. Kyautar Mercury ta Birtaniya, da aka fara a 1992, ta kauce wa matsalar da lissafin shekararta daga tsakiyar shekara zuwa tsakiyar mai zuwa, ta ware kundi 12 kafin alƙalai su fitar da ɗaya.

Kundayen farkon shekara kuma mantuwa ce abokiyar gabarsu, ko da yake Merriweather Post Pavilion na Animal Collective, da ya fito a Janairun 2009, ya riƙe kambunsa har ƙarshen shekara a Pitchfork da Pazz & Jop.

Jerin mutum ɗaya

Masoyin kiɗa da ke haɗa nasa ba shi da matsalar ƙuri'a, tasa daban ce. Tun daga Yulin 2015 ranar Juma'a ce ranar fitar sabbin kundaye a duniya, saboda haka masu bin abin da gaske sukan buɗe takarda tun Janairu, duk mako su rubuta sunan kundi, kamfani, ranar fita da ɗan maki na wucin gadi. Zuwa Nuwamba sai a tace zuwa talatin ko arba'in, a sake jin kowanne daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsallake waƙa ba. A nan ake gane kundin da waƙa biyu kawai ke ɗauke da shi. Alƙaluman da manhajojin kiɗa irin su Spotify da Last.fm ke bayarwa suna taimakawa wajen tuni, amma yawan ji suke ƙirgawa: kundi mai gajerun waƙoƙi da yawa, ko wanda ake kunnawa ana aiki, zai haye kan mai nauyi da ake ji sau uku a natse. Kuskuren da ya fi yawa shi ne karanta jerin manyan mujallu kafin kammala naka, domin daga nan zaɓi kan karkata ba a sani ba.

Mawaƙan Sahel a jerin

Jerin indi ya daɗe da zama na masu jita daga Amurka da Birtaniya da Kanada, amma ƙofar ta ɗan buɗe. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, wanda ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato a 2008 da salon gyaran murya irin na waƙoƙin Hausa na zamani, ya fara isa kunnen Turawa ta kamfanin Sahel Sounds. Afrique Victime da ya fitar a 2021 ƙarƙashin Matador, ɗaya daga cikin fitattun kamfanonin indi na New York, ya shiga jerin ƙarshen shekara na kafofi da dama a sahun masu kiɗan rok, ba a rukunin da ake ware wa kiɗan ƙasashen waje ba. Kamfanin da ya fitar da kundi, da wanda ya aika wa masu sharhi kwafinsa a kan lokaci, su ke yanke ko za a ji shi kafin a rufe ƙuri'a.