Sallamar kansiloli ba ta rufe littafin lissafin gari ba

Makon jiya na tsaya sayen tattasai a kasuwar Dole ta Damagaram, sai ga yaron da ke yankan tikitin harajin kasuwa. Dattijuwar da ke auna mini ta ɗago kai ta ce: "Ɗan nan, wa zan ba? Kansilolin ma an sallame su, aljihun wa kuɗin za su shiga?" Yaron ya ce, "Inna, ni dai aiko ni aka yi." Ta kwance bakin zane ta miƙa masa dala ashirin, ta ce ya riƙe takardarsa, ba ta so. Abin ya tsaya mini a rai, domin maganar da ta faɗa ita ce ke yawo a fada-fada daga unguwar Birni har ta Garin Malam: wai tunda babu majalisa, babu mai bin diddigin ma'aikatar magajin gari. Wasu kuma sun ɗauko ta ta wancan gefen, suna tsorata mutane cewa duk wanda ya taɓa zama kansila gidan kaso zai ƙare saboda ayyukan da aka yi alkawari ba a gama ba. Duka biyun ba haka doka ta ce ba.

Dokar da ake magana a kai ita ce kundin tafiyar da ƙananan hukumomin Nijar, mai lamba 2010-54, ta ranar 17 ga Satumba 2010. Ta shafi ƙananan hukumomin karkara da na birane da jihohi, da manyan birane huɗu masu matsayi na musamman, wato Yamai, Maraɗi, Tawa da Damagaram mai da'ira biyar. Abin da ya faru ranar 4 ga Afrilu 2024 shi ne shugaban ƙasa Janar Abdourahamane Tiani ya rusa majalisun da aka zaɓa a Disamban 2020, aka naɗa kantomomi su riƙe. Mutanen da ke kan kujeru aka sallama. Ƙaramar hukumar tana nan da kasafinta da ma'ajinta da bashin da ake bin ta, haraji kuma yana nan a kan wanda yake kansa.

Yadda ake auna aikin hukumar gari ba boyayyen abu ba ne. Akwai tsarin raya gari na shekara biyar, inda ake rubuta azuzuwa nawa, gidajen likita nawa, magudanan ruwa nawa ake son yi. Daga cikinsa ake tsamo kasafin kowace shekara. Idan shekara ta ƙare, littafi biyu ake ajiyewa gefe da gefe: na shugaban hukuma, wanda ke nuna abin da ya ba da umarnin a karɓa da a kashe, da na ma'aji, wanda ke nuna abin da ya shiga akwati da abin da ya fita. Dole jimillar su zo ɗaya. Wakilin gwamnati yana duba ko shawarwarin da aka yanke sun bi doka, sufetocin ma'aikatar cikin gida suna iya saukowa su buɗe takardu, alƙalan lissafi kuma su yi hukunci a kan littafin ma'aji. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya dogara da zaman kansiloli.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne batun hukunci, don ana haɗa abu uku wuri guda alhali kowanne da hanyarsa. Na farko, rashin cika buri. An rubuta azuzuwa goma, an gina huɗu don haraji bai shigo ba. Wannan gazawa ce, ana rubuta ta a rahoto, kuma da can masu ƙuri'a ke hukunta ta. Ba a ɗaure mutum a kanta. Na biyu, saɓa ƙa'idar mulki, kamar ƙin kiran zama ko kashe kuɗi ba bisa kasafi ba. A nan doka ta tanadi dakatarwa ko tsigewa, kuma an yi ta gani tun kafin zuwan soja: a 2017 majalisar ministoci ta tsige magajin garin Yamai, daga baya ta rusa majalisar birnin.

Na uku shi ne kuɗi, kuma a nan nake son a tsaya a saurara. Ƙa'ida ita ce mai ba da umarni ba ya taɓa kuɗi, mai riƙe kuɗi ba ya ba da umarni. Magajin gari ko kantoma sa hannu yake yi, ma'aji ke karɓa ya biya. Idan aka sami giɓi a akwati, ma'aji ke cikawa daga aljihunsa. To duk wanda ya karɓi kuɗin hukuma ya ajiye ko ya kashe ba tare da shi ne doka ta ɗora wa wannan aiki ba, ana ɗaukarsa tamkar ma'aji, kuma sai ya yi bayanin kowace dala. Ko da niyyarsa mai kyau ce. A ce an tara kuɗin kasuwa na rana, wani babba ya ce a saya wa motar kwasar shara mai da su kai tsaye don aiki ya yi sauri. Sharar an kwashe, gari ya amfana, amma kuɗin ba su bi ta hannun ma'aji ba, babban nan kuwa ya shiga hurumin wannan ƙa'ida. Hukuncinsa maido da abin da ba shi da takardar shaida, ana kuma iya cin sa tara. Maganar kaso sai an tabbatar a gaban alƙali cewa ya karkatar da dukiyar jama'a. Kansilan da iyakarsa ɗaga hannu a zaure, bai riƙe akwati ba, bai karɓi kwangila ta bayan fage ba, ba shi da abin tsoro a nan.

Ban ce komai daidai yake ba. Da, majalisa na zama sau huɗu a shekara, ƙofa a buɗe, mai unguwa ko ɗan kabu-kabu na iya shiga ya zauna ya ji ana ja-in-ja a kan lissafi. Yanzu binciken daga sama yake saukowa, kunnen talaka ya yi nisa da shi, kuma wannan rashi ne babba a ganina. Haka nan tun Janairun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi nauyin ilimi, lafiya, ruwa da muhalli, amma kowa ya ga yadda nauyin ya riga kuɗin isowa. Auna mutum da burin da ba a ba shi guzurinsa ba akwai ƙwara a ciki. Shi ma ruwan famfo, da muke ɗora wa magajin gari laifinsa duk bazara idan ƴan garuwa suka tsawwala, a hannun kamfanonin ruwa na ƙasa yake.

Abin da ya rage a hannunmu guda biyu ne. Doka ta ba mazaunin gari damar neman ganin kasafi da lissafin hukumarsa, kuma ƙungiyar ƴan kasuwa ko ta unguwa na iya rubuta takarda ta nema. Sai tikiti. Kowane ɗauri lissafe yake a wajen ma'aji, da adadin da aka yaga ake ƙidaya abin da ya kamata mai yanka ya kawo da yamma. Takardar da Inna ta ƙi karɓa tana nan a ɗaurin, ana iya sayar wa na kusa da ita, dala ashirin ɗinta kuwa babu littafin da suka shiga. Na koma wajenta jiya na yi mata wannan bayani, ta ce daga yau za ta riƙa karɓa tana ƙullewa a bakin zane.