Tarar ₦100,000 da shafin haraji mai ƙin buɗewa

Tun da sabbin dokokin haraji suka fara aiki ranar 1 ga Janairu 2026, saƙonnin murya ke ta yawo a WhatsApp cewa wai duk wanda ya yi kuskure wajen cike fom ɗin haraji a intanet, ko shafin ya ƙi buɗe masa har wa'adi ya wuce, kwamfuta da kanta za ta yanka masa tarar ₦100,000 ta zare daga asusunsa na banki. Tsoron wannan ya sa wasu ƙin taɓa fom ɗin kwata-kwata, wasu kuma na kwashe kuɗinsu daga banki. Adadin kuɗin gaskiya ne, yana cikin doka. Sauran zancen kuwa an yi masa gishiri, kuma wanda ya ƙi cike fom don gudun kuskure shi ne ya fi kowa kusa da tarar da yake gudu.

Dokoki huɗu ne Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025. Wadda ta shafi zancenmu ita ce dokar tafiyar da harkokin haraji, wato wadda ta tsara rajista, kai bayanin kuɗin shiga da hukunci. Ta hau kan ma'aikaci mai albashi, ɗan kasuwa, mai sana'ar hannu da kamfani. Mutum yana kai bayaninsa zuwa 31 ga Maris, mai ɗaukar ma'aikata zuwa 31 ga Janairu, kamfani kuma cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafinsa.

Akwai abin da ke ɓatar da mutane tun kafin su kunna waya. Harajin kuɗin shigar mutum na jihar da yake zaune ne, ba na tarayya ba. Mazaunin Kano hukumar harajin jiha ta KIRS ce tasa, na Kaduna KADIRS, na Abuja FCT-IRS. Hukumar tarayya, FIRS da ta koma NRS, da kamfanoni take hulɗa, sai wasu rukunai kaɗan irin su sojoji da 'yan sanda. Manhajar cike fom ɗin haraji ta TaxPro-Max da aka fi jin sunanta, FIRS ce ta fito da ita a watan Yunin 2021. To mai shago a Kantin Kwari da ya kwana yana neman sunansa a shafin tarayya, aka ce masa babu, ba lallai shafin ne ya lalace ba. Wataƙila ƙofar da ba tasa ba yake ƙwanƙwasawa.

Yanzu ga tarar. Sashe na 101 ya ambaci mutum iri biyu. Na farko wanda bai kai bayanin ba, ko ya ƙi kaiwa. Na biyu wanda ya kai bayanin da bai cika ba ko na ƙarya da saninsa. Kowannensu zai biya ₦100,000 a watan farko, sannan ₦50,000 a kowane watan da ya biyo baya muddin bai gyara ba. Wanda ya yi wata huɗu bai kai ba, ₦250,000 ke nan.

A lura da bambancin mutanen nan biyu, don a nan jita-jitar ta karkace. A kan na biyu doka ta gindaya sharaɗin sani. Wanda ya ƙara sifili bisa kuskure, ko ya zuba albashin wata a gurbin albashin shekara, ko manhaja ta tara masa lissafi ba daidai ba, ba shi ne wanda ya ɓoye shago na biyu da gangan ba. Kuskure ana gyara shi, a sake tura bayanin da ya inganta ko a rubuta wa hukuma, kuma gara mutum ya kai kansa da a gano shi. A kan na farko kuwa babu wannan sharaɗi. Bai kai ba kawai, ko da saninsa ko da mantuwa. Ka ga ashe mai kuskure yana da abin kare kansa da wanda ya zauna shiru ba shi da shi.

Sai tambayar da ta fi ci wa jama'a tuwo a ƙwarya: idan shafin ne ya ƙi fa? Sashen bai ce "sai dai in intanet ta ɗauke" ba. Nauyin kai bayani yana wuyan mai biya, kuma kowa ya san yadda shafukan gwamnati ke yin nauyi a kwanakin ƙarshe, lokacin da kowa ya taso a lokaci guda. Sai dai hukuma na da ikon ƙara wa'adi, kuma ta sha yi. A 2022 da 2023 FIRS ta ɗage ranar kamfanoni daga 30 ga Yuni zuwa 31 ga Agusta. Tana kuma da ikon yafe tara idan an kawo dalili mai ƙarfi, kamar yadda a Disambar 2023 ta yafe tara da kuɗin ruwa ga waɗanda suka biya ainihin bashinsu kafin shekara ta ƙare. Amma wannan alfarma ce, ba haƙƙi ba. Abin da ke mayar da "wallahi na gwada" ya zama dalili shi ne shaida: hoton fuskar wayar da ke nuna saƙon matsalar da kwanan wata, imel ɗin da ka tura wa hukuma kafin wa'adi ya cika, ko takardar ƙorafi da ka kai ofis aka buga maka hatimin karɓa a kwafinka. Wanda ya zo bayan wata biyu da baki kawai, sai yadda jami'in ya ga dama.

A ganina nan doka ta yi wa talaka tsauri. Tara ce ta bai ɗaya. Mai samun miliyan ɗari a shekara da malamin firamare da harajinsa bai taka kara ya karya ba, ₦100,000 ce a kan kowannensu. Ga na farko kuɗin man mota ne, ga na biyu ya fi albashin wata. A tsohuwar doka tarar mutum ₦5,000 ce da ₦100 kowace rana, kuma da wuya ka ji wanda aka karɓa a wajensa. An ninka tarar sau ashirin, amma sabis ɗin waya a ƙauyuka yana nan yadda yake. Doka ta ba hukumomi damar fito da sauƙaƙƙen fom don masu ƙaramin ƙarfi da waɗanda sana'arsu ba ta da rajista, kuma jihar da ta fara cin tara kafin ta samar da wannan ta sa keke gaban doki.

Wasu na cewa tun da an ce mai samun ₦800,000 zuwa ƙasa ba ya biyan haraji, ba ruwansu da fom. Kai bayani daban, biyan haraji daban. Yafe maka biya ba ya nufin an yafe maka faɗin abin da ka samu, ai ta fom ɗin ne ma hukuma za ta san ba ta bin ka komai. Haka ma'aikacin da ake cire masa haraji daga albashi kowane wata. Wurin aikinsa zai kai nasa bayanin a Janairu, shi ma doka ta ce ya kai nasa, ya haɗa da duk wata hanyar samu, kamar hayar gida ko kasuwancin gefe.

Sau da yawa abin da ake kira "shafi ya ƙi" kuwa matsalar suna ce. Yanzu lambar NIN ce tushen lambar harajin mutum, kamfani kuma lambar rajistarsa ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni. Mu kuwa mutum ɗaya sai ka same shi Muhammad a katin ɗan ƙasa, Mohammed a BVN, Muhammadu a takardar albashi. A wani wuri sunan mahaifi ne a ƙarshe, a wani wuri sunan gari. Ranar haihuwa an ƙiyasta ta sau biyu ba iri ɗaya ba. Ɗan Adam zai gane mutum ɗaya ne, manhaja ba za ta gane ba. Sake gwadawa sau goma ba ya warware wannan, kuma buɗe sabuwar rajista da wani rubutun sunan ya fi komai muni, domin mutum zai tashi da lamba biyu, ya biya a ɗaya, ɗayar na nuna bai taɓa kai komai ba. Gyaran yana can inda aka yi kuskuren, ko a NIMC, ko a banki, ko a ofishin haraji.

Matsala ta biyu ita ce lambar sirrin da ake turowa ta waya. Da yawa a shagon kafe aka yi musu rajista, yaron shagon ya sa lambar wayarsa da imel ɗinsa don aiki ya yi sauri. Bayan shekara an nemi yaron an rasa, ko layin an rufe. Duk sanarwar da hukuma za ta aiko can za ta tafi, kuma doka ba ta san mai kafe ba, sunanka ta sani. Ba laifi a taya ka cikewa, amma lamba da imel su zama naka, kuma kada ka bar wurin sai ka ga takardar shaidar karɓa. Fom ɗin da aka cike aka adana ba a tura ba, a wajen hukuma daidai yake da wanda ba a fara ba.

Akwai kuma masu zargin manhaja da cuta don lissafinta bai yi daidai da abin da suka ji a rediyo ba. Bayanin da ake kaiwa a Maris, na kuɗin da aka samu a shekarar da ta gabace shi ne. Kuɗin da aka samu a 2025 tsohon lissafi ake yi masa, mai farawa daga kashi 7 zuwa kashi 24 cikin ɗari, tare da tsohon rangwamen ₦200,000 da kashi 20 na jimillar kuɗin shiga. Sabon lissafi ya hau kan abin da aka samu daga Janairun 2026: ₦800,000 na farko babu haraji, naira miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, yana hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Don haka zaɓen shekara a saman fom ba ƙaramin abu ba ne.

Ga misali da sabon lissafin. Mai albashin ₦200,000 a wata yana da ₦2,400,000 a shekara. A ce an cire masa kashi 8 na fansho a kan duka, ₦192,000. Yana biyan hayar ₦600,000, doka ta ba shi rangwamen kashi 20, ₦120,000. Saura ₦2,088,000. A fitar da ₦800,000, saura ₦1,288,000, kashi 15 ɗinsa ₦193,200, wato ₦16,100 a wata. In manhaja ta nuna abin da ya yi nisa da wannan, a duba ko albashin da ya shigo asusu aka rubuta maimakon jimillar albashi kafin a cire komai.

Rangwamen hayar nan ba ya wuce ₦500,000, kuma na ɗan haya ne kaɗai. Tsohon rangwamen kowa na samu, wannan kuwa mai zama a gidansa ko gidan gado ba ya ciki, abin da zai fi shafar garuruwanmu inda zama a gidan iyali ya yi yawa. Ɗan hayar ma sai da shaida, ga shi yawancin masu gida a wajenmu hannu da hannu suke karɓa ba rasit. Wanda ya rubuta hayar da ba ya biya don ya ci rangwame, ya faɗa cikin rukuni na biyu na sashe na 101, masu kai bayanin ƙarya da saninsu.

Idan ka biya, banki ya cire, shafi bai nuna ba, kada ka sake biya. Riƙe rasit da lambar biyan ka kai ƙorafi, domin dawo da kuɗin da ya shiga asusun gwamnati ya fi jiran a daidaita wuya nesa ba kusa ba. Jinkirin biya ma hukuncinsa daban ne da na rashin kai bayani: ƙarin kashi 10 na kuɗin da ake bi, da kuɗin ruwa.

Batun zare kuɗi daga asusu, tsoron jama'a yana da tushe. A 2018 da 2019, zamanin da Babatunde Fowler ke shugabantarta, FIRS ta rubuta wa bankuna aka riƙe asusun kamfanoni da dama, aka yi ta kuka. Ikon naɗa banki ya biya bashin haraji daga kuɗin mai asusu tsoho ne, kuma sabuwar doka ta riƙe shi. Amma ba manhaja ce ke yi don fom ya makara ba, kuma ba duk kuɗin da ya shigo asusu ne kuɗin shiga ba. Kuɗin cefane da ɗa ya turo wa mahaifiyarsa, ko bashin da aka dawo maka da shi, ba riba ba ne. Taiwo Oyedele, wanda ya shugabanci kwamitin da ya tsara gyaran, ya sha nanata cewa babu cirewa kai tsaye. Kafin a kai ga banki sai an ƙiyasta maka haraji, an aiko maka da sanarwa, bashin ya tabbata.

Daga ranar da sanarwar ta iso ka kana da kwana 30 ka ƙalubalance ta a rubuce, hukuma kuma tana da kwana 90 ta ba ka amsa. In ba ka gamsu ba akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda ta shiyyar arewa maso yamma ke zama a Kaduna, da kuma sabon ofishin sauraron koken masu biyan haraji da dokokin suka kafa. Wanda ya bar kwana 30 ɗin suka wuce bai ce uffan ba, ƙiyasin ya zauna a kansa ko da ba daidai ba ne, kuma sau da yawa dalilin shirun shi ne sanarwar ta tafi imel ɗin da ba shi ke buɗewa ba.