Idan inji ya mutu da tsakar rana, a fara duba tiyon mai

Manoman rani masu injin ban ruwa, da masu injin yankan ciyawa, ga matsalar da ke yawaita da bazara. Inji ya tashi lafiya lau, ya yi aiki kamar rabin awa, sai ya fara tari ya mutu. A ja igiya har hannu ya gaji, shiru. In ya huce kuma sai ya tashi garau. Akan ɗora wa kafireto laifi, alhali sau tari tiyon mai ne aka bi da shi ta inda bai kamata ba.

Fetur ba ya jure zafi. Wani sashe nasa yakan fara zama tururi tun zafi bai kai digiri 40 ba, ga shi a watan Afrilu zafin Sakkwato ko Maiduguri yakan haura haka. To ina ga tiyon da ya kwanta jikin salansa? Yawancin ƙananan injinan nan ba su da famfon mai. Tanki na sama, man yana gangarowa ne da nauyinsa. In tururi ya tare hanya, ɗan nauyin nan ba zai ture shi ba, sai kafireto ya bushe.

Saboda haka tiyon ya gangaro tun daga tanki har kafireto, ba naɗi, ba lanƙwasa. Duk inda ya yi doro, nan tururi ke taruwa. In ya yi tsawo a rage shi. A nisanta shi da salansa da kan inji, a kama shi da kilif kada jijjiga ta mayar da shi. A sayi tiyon fetur na ainihi, mai kaurin na asali. Farin tiyon ruwa ƙandarewa yake ya tsage, kuma ɗigon fetur a kan salansa gobara ce. A share ƙura da ciyawar da suka liƙe a jikin inji, a yi masa rumfar da iska ke ratsawa.

Toshewar ramin iska na murfin tanki ma takan kashe inji haka. A sassauta murfin. In inji ya ci gaba da aiki, murfin ne. Kwayil ma, wato abin da ke ba filogi wuta, yakan ɗauke wuta in ya yi zafi, sai bakanike ya cire filogi ya gwada kafin injin ya huce.

Don Allah kada a watsa wa inji mai zafi ruwa, ƙarfen na iya tsagewa. Kada kuma a zuba mai sai an kashe shi ya huce.